Daminar da Na Karce Taransifoma Huɗu

Yau kwana shida ke nan ruwa bai ɗauke ba a Agege. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafin nan ne na Legas da ba ya zuwa gaba ɗaya kuma ba ya tafiya, sai ya jiƙa mutum har ƙashi. Jiya da hantsi wata Bayarabiya ta kawo mataccen maikirowef rumfata, wato akwatin nan na ɗumama abinci da mu 'yan bola, masu tsintar tarkace, muke kira obin. Na kwance bayansa, na ciro taransifomar da ke ciki, na ɗora ta a kan dutsen da nake fasa kaya. Na ɗauki kurfi da guduma kamar kullum, sai hannuna ya tsaya. Warin tsatsa da na jiƙaƙƙen kwali ya mayar da ni wata damina ta kusan shekara ashirin da suka wuce. Tun da yanzu na iya riƙe biro, na ce bari in rubuta ta kafin ta fara ɓace mini.

Sunana Isuhu. Ni mutumin Gidan Aduwa ne, wani ƙauye arewa da Dakwaro a cikin Nijar. A shekarar da nake magana fara ta sauka mana gero yana cikin kunno kai, ta bar mana kara tsaye. Abin da muka tsinta daga gonaki biyu dami tara ne. Na bar su a rumbu, na bar Inna mahaifiyata, na bar matata Zainabu da ƙaramin ciki, na taho cin rani Legas. Niyyata in tara abin da zan sayi hatsi in koma kafin ruwan shuka.

Sau biyu na aika musu da saƙo ta hannun wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, sau biyu ya dawo ya ce ya ba su hannu da hannu. Daga nan direban ya daina zuwa. Sai labari ya fara shigowa guntu-guntu daga bakin sababbin zuwa, cewa ƙauyukan wajenmu suna watsewa. Wani ya ce mutanen Gidan Aduwa sun nufi Maraɗi. Wani ya ce a'a, sun tsallako Katsina. Wani kuma ya rantse ya ga wasunsu sun yi arewa suna bin Buzaye. Babu wanda ya ga Inna, babu wanda ya ga Zainabu. Na ƙirga watanni da yatsu, na ga haihuwarta ta zo ko tana gab da zuwa. Ban san ko tana raye ba, kuma ko da na samu kuɗin mota ban san garin da zan nufa ba.

A lokacin salula ta riga ta shigo Legas. A kowace kwana akwai mace zaune ƙarƙashin lema da waya a kan tebur, ka biya ka kira. Nakan tsaya ina kallon masu kira. A duk ƙasarmu babu lamba ɗaya da zan ba ta.

Mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya na langa-langa a gefen layin dogo. Idan jirgi ya wuce kwanon yana rawa, idan ruwa ya zo yana zuba ta wuri uku. Abokina a ɗakin Habu ne, mutumin Tasawa, sa'ana, mai baki kamar reza. Da mun idar da sallar asuba kowa zai ja amalankensa ya bi unguwarsa yana kiran ayon kwandem, wato mai tsohon ƙarfe ya fito da shi. Amma damina maƙiyiyar ɗan bola ce. Mutane ba sa fito da tarkace cikin ruwa. Kwali ya jiƙe, mai saye ya ƙi shi. Kwatoci su cika su haɗe da titi, ka tura amalanke ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Tsakanin yatsun ƙafafuna ya ruɓe ya yi fari, ina shafa baƙin mai ina ɗaurewa da leda. Riga ba ta bushewa, sai dai ka matse ta ka mayar.

Abincinmu garin kwaki ne jiƙaƙƙe, sau ɗaya a yini, da la'asar. Ranar da aka yi sa'a a samu ƙuli-ƙuli a marmasa. Ranar Juma'a mukan haɗa mu sayi burodin Agege guda, a yanka shi takwas, Habu ne mai rabo domin shi kowa ya yarda da zaluncinsa. Ni ko wannan ɗan abin ba ya wuce mini da daɗi. Da na kai loma baki sai in tuna anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki a lokacin yunwa, in ce ko ita Zainabu take ci yanzu da tsohon ciki.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan taka zuwa kasuwar Mile 12 wurin manyan motocin albasa, in bi direbobi ɗaya bayan ɗaya cikin caɓi da warin ruɓaɓɓen tumatir. Yawancinsu ba su ma taɓa jin sunan ƙauyen ba. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi dai abin da ya gani a hanyar Dakwaro mata ne suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙasar don ƙwayar hatsi. Ya ba ni albasa uku, ya ce in yi haƙuri.

A cikin wannan hali na haɗu da Baba Tijjani. Gidansa yana wani lungu bayan kasuwar Agege, kuma kowa ya san shi saboda wata doguwar waya da ya ɗaura daga bishiyar kwakwa zuwa wani dogon bututu a kan rufi. 'Yan unguwa suna ce masa Baba Oba-oba, saboda kalmar oba da suke jin yana faɗa duk lokacin da ya gama magana a rediyonsa. Bahaushe ne haifaffen Legas, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, ya yi aikin waya a reluwe har ya yi ritaya. Wata Lahadi da safe ina wucewa ya kira ni daga baranda, ya tambaye ni ko obin yana faɗo mini a bola. Na ce jefi-jefi. Da ya ji harshena sai ya yi dariya ya ce, "Ashe ɗan Faranshi ne. Oya, shigo daga ruwan nan."

Ɗakinsa cike yake da akwatunan ƙarfe masu allurai da maɓallai, ga takardar lasin ɗinsa a bango cikin gilashi. Wani akwati yana ta shuuu kamar ana soya abu. Ya ce in zauna in yi shiru, lokaci ya yi. Ya murɗa wani abu a hankali, sai ga muryar mutum ta fito daga cikin shuuu ɗin, tana Turanci, tana maimaita wasu haruffa. Muryar ta yi shiru kamar mai jiran amsa, ta sake maimaitawa, ta sake yin shiru.

Baba ya ce shi ake kira. Wani Bature ne mai gina rijiyoyi, abokinsa na iska, shekara biyu suna gaisawa duk Lahadi da hantsi ba su taɓa ganin juna ba. Shi Mai Rijiya yake ce masa. Na tambaya daga wace ƙasa yake magana. Ya ce, "Daga ƙasarku mana. Wani gari wai shi Dakwaro."

Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa ba. Na faɗa masa komai, tun daga fara har zuwa direbobin albasa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna mini damuwar. Ya ce rediyonsa kunne yana da rai, baki ne ya mutu. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone taransifomar akwatin da ke ƙara wa muryarsa ƙarfi, kuma idan babu shi, cikin ƙarar damina, Mai Rijiya ba ya jin komai daga Legas. Sabuwa ba ta samuwa, ko ta samu ta fi ƙarfin fanshonsa. Amma ta cikin obin za ta yi, in an samu guda biyu tagwaye, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Ya ce in kawo su lafiyayyu. Ya kuma ja mini kunne a kan wani ɗan gwangwani da ke kusa da taransifomar, ya ce yana riƙe wuta ko bayan an zare waya, kuma yana kisa. A ƙarshe ya faɗi abin da ya hana ni sukuni: Mai Rijiya ya sanar cewa aikinsa ya ƙare, Lahadi biyar suka rage masa ya naɗe eriyarsa ya tafi.

Da na ba 'yan ɗakinmu labari Habu ya ce shi tun da yake bai taɓa jin rediyon da ake yi wa magana ya amsa ba, sai dai in tsohon aljanu yake kiwo a akwati. Ya ce in na je in gaishe masa da sarkinsu. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

A nan sai na bayyana wani abu na sana'armu. Abin da ɗan bola yake nema a cikin taransifoma shi ne wayar da aka nannaɗe a ciki. In jan ƙarfe ce, ka ci abinci. In alminiyam ce, ka yi dakon banza. Su kuma masu ƙerawa sukan shafa wa alminiyam jan fenti, ido ba ya rabewa. Saboda haka darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne karce. Ka kafa kurfi a kan naɗin, ka buga guduma sau ɗaya, ka leƙa cikin raunin. In ja ne ka ɗauka, in fari ne ka rage kuɗi. Oga Ɗanladi, mai filin da muke kai kaya sikeli, ya taɓa tara mini jama'a a watana na farko don na kawo fara ban karce ba. Tun daga ranar hannuna yake yin abin da kansa, kamar yadda mai sayen goro yake ɓantara ya duba.

Na bar bin ƙarfe da roba, na koma neman obin kaɗai. Lokacin ba kowane gida ke da shi ba, sai gidajen masu hali da wuraren sayar da abinci. Na bi Ikeja layi-layi ina roƙon masu gadi, da yawansu mutanenmu ne, su leƙa mini bayan kicin. Na bi masu gyaran kayan wuta a Ogba. Na hau babbar bolar Abule Egba, inda ƙafa take nutsewa har gwiwa, hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin shara ko ana ruwa. A mako uku na samu shida. Kowace na ciro, sai in kafa kurfi in buga, ta gefen waya mai kauri da ta gefen siririya, don in tabbatar. Biyu suka fito fari, na ce ba zan kai wa dattijo kayan banza ba, na sayar. Huɗu suka fito ja wur, kuma biyu daga cikinsu tagwaye ne.

Na ɓoye su ƙarƙashin tabarmata. A makon nan zazzaɓi ya kayar da Habu, yana rawar ɗari cikin buhu biyu, ɗakin babu ko garin kwaki domin kowa ya dawo hannu rabbana. Ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, in kai ko guda ɗaya sikeli. Na ce ya yi haƙuri zuwa Lahadi. Ya juya mini baya. Har yau idan na tuna wannan juyin ina jin nauyinsa.

Ranar Lahadi na zuba su a buhu na ɗora a ka. Kowace ta kai nauyin ɗan dutsen niƙa, ga ciki babu komai tun jiya, sau uku ina saukewa a hanya. Na juye su a gaban Baba ina haki, ina jin kamar na kawo sadaki. Ya sa tabarau, ya ɗauko wata mita mai wayoyi biyu, ya taɓa ta farko. Allura ba ta motsa ba. Ya taɓa ta biyu, haka. Ya juya ta wajen haske, ya sa ɗan yatsa a cikin raunin kurfi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Duk na duba maka su. Jan ƙarfe ne zalla, babu fara ko ɗaya."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ɗana, kun taɓa ɗebo ruwa da igiyar da aka yanke a tsakiya?" Ya bayyana mini cewa wayar nan zare ɗaya ce tun daga farkonta har ƙarshenta, an nannaɗe ta sau dubbai, siririya kamar gashin wutsiyar doki. Kurfina ya datse ta wuri ashirin ko fiye a bugu ɗaya, har can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ba ta ƙulluwa. Ya ƙara da cewa shi bai damu da ja ko fari ba, ko alminiyam ce za ta yi masa aiki, in dai ba a taɓa ta ba.

Muna cikin haka lokaci ya yi. Muryar Mai Rijiya ta fito, ta kira haruffan Baba, ta jira. Ta sake kira, ta jira. Ina zaune a ƙasa tsakanin taransifomomi huɗu da na yanka da hannuna, mutumin da ke tafiyar rabin yini daga ƙofar gidanmu yana tambaya ko akwai mai ji, ni kuwa ba ni da bakin amsawa. Na sa kai tsakanin gwiwoyi. Baba ya kashe akwatin, ya shiga ciki ya kawo mini wake da burodi, ya tsaya a kaina sai da na cinye. Lahadi biyu suka rage.

Na kai huɗun sikeli a ranar, na sayo wa Habu magani da gari da sukari. Da ya ji abin da ya faru, duk da zazzaɓin sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce tsoho ya aike ni neman amarya, ni kuma na yanka ta don in ga ko tana da jini. Da ya gama ya miƙo hannu ya ce in ba shi kurfina. Ya sa shi ƙarƙashin matashinsa, ya ce ba zan sake ganinsa ba sai rediyo ya yi magana.

Habu ne ya baza maganar. Da ya miƙe ya bi masallatai da wuraren mai shayi, ya gaya wa duk ɗan bolar da ya sani, ɗan Nijar da ɗan Najeriya, cewa duk wanda obin ya faɗo masa kada ya karce, na Isuhu ne, matarsa ta ɓace da ciki. Mutane suka amsa. Amma hannu ya riga ya saba. Sau uku ana kawo mini taransifoma da sabon rauni, mai ita yana rantsuwa bai san lokacin da ya buga ba. Aka samu lafiyayyu biyu, sai dai ɗaya babba ɗaya ƙarama, Baba ya gwada ya ce ba za su ja tare ba. Lahadi ta huɗu ta zo ta wuce. Ban je gidan Baba ba ranar, ba zan iya sake jin kiran nan ba.

Ranar Laraba da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Habu ya shigo da gudu ya ce in taso. Ruwa ya ci kicin ɗin wani otal a Ikeja, an kwaso kayan an kawo filin Oga Ɗanladi, kuma akwai obin biyar iri ɗaya. Kafin mu isa an riga an kwance su. Oga yana tsugune ƙarƙashin rumfa, ya jera taransifomomin a kan katako, ya riga ya buga uku. Na ce masa don girman Allah ya bar mini biyun nan. Ya ce ya ji labarina kuma ya tausaya, amma shi bai taɓa fitar da kaya daga filinsa bai san ko ja ne ko fari ba, bari dai ya ɗan duba kaɗan. Yana magana yana kafa kurfi a kan ta huɗu. Na ga guduma ta tashi. Ban yi shawara da kowa ba, na tura hannuna na dama a kan naɗin. Kurfin ya goce ya sauka a bayan hannuna.

Jini ya gauraye da ruwan sama a kan katakon. Oga ya yar da guduma ya ce, "Kai mahaukaci ne? In na raba ka da yatsu fa?"

Na ce, "Oga, yatsu biyar ne. Waɗannan biyu ne kawai."

Ya cire hularsa ya danne mini ciwon da ita, yana zagina da Hausa da Yarbanci. Sannan ya ce wa Habu ya kwashe su su bar masa fili kafin ya canza shawara. Bai ɗora su a sikeli ba.

Baba ya taɓa su da mita, allura ta tashi a duka biyun. Kwana uku yana aiki, bai bar ni na wuce bakin ƙofa ba, ya ce na yi ɓarnar da ta isa. Ranar Lahadi ta ƙarshe muka wayi gari babu wuta a unguwar. Baba ya aika wurin wani maƙwabcinsa mai walda, mutumin ya ba da aron janareta. Mu shida muka ɗauko ta a kan sanduna cikin taɓo, 'yan ɗakinmu suka haɗa kuɗin burodin Juma'a aka sayi fetur. Suka tsaya a baranda a jiƙe, har Habu mai cewa aljanu ne.

Baba ya tayar da akwatin. Taransifomomin suka ɗauki gurnani, wasu kwalabe a ciki suka yi ja, ɗakin ya ɗauki warin fenti mai zafi. Da Mai Rijiya ya kira ya yi shiru, Baba ya danna abin magana ya faɗi haruffansa a hankali, ya ce oba, ya saki. Shuuu kawai. Ya sake. Sai muryar ta dawo da ƙarfi, tana dariya, tana kiran Tijjani, Tijjani.

Suka yi Turancinsu, ban ji komai ba sai sunan Gidan Aduwa. Can sai aka canza murya. Baturen ya kira direbansa, sai ga Hausar gidanmu tsantsa ta fito daga akwatin ƙarfe a tsakiyar Agege: "Wane gida a Gidan Aduwa? Wa ake biɗa?" Baba ya kawo abin maganar bakina. Ya dafa kafaɗata. Na ce Inna Hassi, gidan da ke gabas da rijiya, da Zainabu 'yar Malam Haruna, tana da ciki. Direban ya ce ranar Alhamis za su tashi, amma ranar Talata za su je kwaso kayan aiki a wata rijiya kusa da can, zai ratsa. Mu saurare su Laraba da hantsi.

Ban san yadda kwana ukun nan suka wuce ba. Na tura amalanke, na kira ayon kwandem, hannu yana zogi cikin tsumma. Ranar Laraba muka sake ɗauko janareta. Direban bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ya je, tsofaffi uku kawai ya tarar a garin. Ya ce in yi haƙuri, Inna Hassi ta rasu tun kafin ruwan farko, su suka binne ta. Zainabu kuwa wanta ya ɗauke ta a amalanken shanu zuwa Dakwaro, gidan kawunta a bayan kasuwar dabbobi. Ya ce da suka dawo gari ya nemi gidan, ya gan ta da idonsa. Ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce, mace. Duka biyun suna raye, amma nono babu. Ta ce a gaya mini kada in tsaya tara komai, in taho da abin da ke hannuna.

Baba yana ji yana rubutawa a bayan wani kati, ya miƙo mini ko da yake ya san ba na karatu. Suna cikin sallama da Mai Rijiya hayaƙi ya fara fita daga ɗaya taransifomar, ya yi maza ya kashe. Na fita baranda na gaya wa su Habu. Suka yi mini gaisuwar Inna da barkar haihuwa a numfashi ɗaya, muka yi mata addu'a a tsaye, ruwa yana zuba daga bakin kwano.

Washegari na hau motar albasa da ke komawa arewa babu kaya. Mutanen ɗakinmu suka haɗa mini rabin buhun gari, Oga Ɗanladi ya aiko da masara, Baba ya ba ni gwangwanin madara biyu. Kwana huɗu muka yi a hanya. Na samu gidan a bayan kasuwar dabbobi kamar yadda aka faɗa. Zainabu tana zaune a inuwar zana, na wuce ta ban gane ta ba sai da ta kira ni. Jaririyar ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Sun riga sun raɗa mata sunan Inna.

Yanzu Hassi tana da nata ɗan. Duk Juma'a takan kira ni daga Dakwaro a salula, har fuskarta nake gani, in layi ya ɗan tsinke ta yi ta mita. Katin Baba yana nan cikin leda, bara na karanta shi da kaina a karon farko, babu abin da ya rage ko ya ƙara. Shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Da 'ya'yansa za su gyara gidan, ni suka kira in kwashe akwatunan a matsayin bola. A cikin ɗaya na tarar da tagwayen nan, ɗaya baƙa ƙirin da ƙuna. Na kawo su rumfa, na daɗe ina kallonsu, sannan na ɗauki kurfi na buga wa ƙonanniyar sau ɗaya, na leƙa. Fara ce fat.

Ta jiya ban buga mata ba. Na goge ta da tsumma na ɗora a kan katako kusa da 'yar'uwarta lafiyayya ta gidan Baba, inda ɗigon rufi ba ya kaiwa. Shekara da shekaru babu wanda ya zo ya tambaye ni irinsu. Lafiyayyun da na ajiye ban karce ba sun zama goma sha ɗaya yanzu.